Zuba etanol a injin tobo a Kumasi: amsa ga mai Golf GTI daga Aboabo

Wani matashi daga Aboabo ya aiko mini da wannan tambaya: "Salamu alaikum Masta. Ina da Golf GTI ƙirar 2016, ta Amurka, bara na fito da ita daga Tema. Ina ganin samari a YouTube suna zuba E85, su sake saitin kwamfutar mota, injin ya ƙara ƙarfi sosai. Akwai wanda ya ce zai samo mini etanol a duro a nan Kumasi, wani kuma daga waje zai turo mini fayil ɗin saiti ta intanet. In yi ko kada in yi? In zan yi, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. E85 dai, wato etanol kashi 85 cikin 100, sauran fetur, ka cire shi daga ranka a yanzu. Ba a sayar da shi a famfo a gidajen manmu, kuma famfunan man da motarka ta zo da su ba za su iya ciyar da injin da shi ba. Abin da zai yiwu shi ne E30, wato etanol kashi 30 cikin 100, sauran fetur, shi ma sai ka cika wasu sharuɗɗa. Na daɗe ina wannan aiki a Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, kuma injinan da na ga sun mutu a harkar etanol, kusan dukkansu abu guda ne ya kashe su: mai motar bai san abin da ke cikin tankinsa ba. A kan wannan zan fi tsayawa, amma bari ka fara sanin dalilin da ya sa abin yake aiki.

Aikin tobo shi ne cusa wa injin iska fiye da wadda zai iya shaƙa da kansa. Iskar da aka matse tana zafi, in fistin ya ƙara matse ta a cikin silinda zafin ya ninka. Idan fulogi ya ba da wuta, ana so wutar ta ci man a jere, daga tsakiya zuwa gefe. To in zafi da matsi suka yi yawa, man da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso shi, sai ya fashe da kansa. Wannan ita ce ƙwanƙwasar injin, ƙarar nan mai kama da an zuba tsakuwa a gwangwani. Motarka tana da sensa da ke jin ta tun kafin kunnenka ya ji, kwamfuta kuma sai ta ja taimin baya, wato ta jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, don ta kare injin, ƙarfi ya ragu. A zafin Kumasi, bayan ka yi rabin awa a cunkoson shataletalen Suame intakula, mai sanyaya iskar da tobo ke turawa, ta ɗauki zafi, motar da ke kan fetur kusan kullum a takure take.

Etanol yana maganin wannan ta hanya biyu. Okten ɗinsa, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi ba tare da ƙwanƙwasa ba, ya kai wajen 108 a ma'aunin RON, alhali fetur ɗinmu na kullum 91 ne, mai tsadar kuma 95. Sannan idan ya tashi daga ruwa ya zama tururi yana zuƙe zafi fiye da ninki biyu na abin da fetur ke zuƙewa. Ɗiga shi a bayan hannunka ka ji sanyin da yake bari. Injin GTI ɗinka irin wanda ke fesa mai kai tsaye cikin silinda ne, saboda haka wannan sanyi yana sauka ne daidai inda ake buƙatarsa. Abin ba sabo ba ne. Tun 2005 kamfanin Saab na Suwidin ya fito da 9-5 BioPower, injin lita 2 mai tobo, wanda ke ba da ƙarfin doki 150 a kan fetur, 180 a kan E85, ba tare da an taɓa ko ƙusa ɗaya ba, kwamfutar ce kawai ke ƙara matsin iska da taimin in ta gane man da aka ba ta.

Abin da masu bidiyo ba sa faɗa shi ne, amfanin ba ya hawa daidai da yawan etanol. Lita na farko-farko su ne masu albarka. In ka ɗauki fetur mai 91 ka mai da shi E10, okten zai kai wajen 94 zuwa 95. E20 ya kusa 98. E30 ya kai wajen 100. Daga nan hawan yake sanyi: ka ƙara etanol kusan ninki uku ka kai E85, abin da za ka samu a kai bai wuce maki bakwai ko takwas ba, kuma ƙaramin tobon da motarka ta zo da shi zai ƙure ƙarfinsa tun kafin ya ci moriyar wannan. A E30 ka riga ka kwashi mafi yawan ribar.

Tun da an zo maganar okten, akwai tarkon da ya ci mutane da yawa a nan ko da babu etanol a ciki. Lambar da ke jikin famfo a Amurka ba irin tamu ba ce. Su suna haɗa ma'auni biyu, RON da MON, su raba biyu; mu RON kaɗai muke rubutawa. Abin da Ba'amurke ke kira 87 shi ne wajen 91 namu. Nasu 91 shi ne wajen 95 namu, nasu 93 kuma wajen 98 ne, wanda ba kasafai za ka gan shi a nan ba. Yaro zai sayi fayil da aka rubuta wa "91", ya je gidan mai a Asawase ya sha 91, yana ganin ya yi daidai, alhali ya ba injin man da ya gaza da maki huɗu. Haka nan fayil ɗin E30 na can, an gina shi ne a kan fetur ɗinsu mai 93 wanda aka ƙara wa E85. Naka E30 da ka haɗa da 91 ɗinmu ba zai kai nasu ba. Duk wanda zai rubuta maka saiti, ka gaya masa wannan ɓaro-ɓaro, in ya ce ba komai, nemi wani.

Sai batun yawan mai. Fetur zalla yana son iska kilo 14.7 kan kowane kilo 1 kafin ya ƙone tas. Etanol kilo 9 kawai yake so, domin yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa. Ma'ana, a kan iskar da tobo ya tura, sai an fesa etanol da yawa fiye da fetur. Ƙarfin da ke cikin litar etanol kusan kashi biyu ne cikin uku na litar fetur. A E30 injin zai nemi ƙarin mai wajen kashi 11 cikin 100, a E50 wajen kashi 20, a E85 kashi 30 zuwa 40. Wannan kafin a ƙara matsin iska ke nan. In an ƙara, buƙatar ta sake hawa.

Motarka tana da famfon mai biyu. Akwai na cikin tanki mai aiki da lantarki, akwai kuma na kan injin wanda kamshaf ke bugawa, shi ne ke matse man har matsinsa ya kai 200 a ma'aunin bar kafin injekta ta fesa. Na kan injin shi ke fara gazawa, kuma yana gazawa ne a tsakiyar juyi, wajen 3,000 zuwa 4,000 a minti, lokacin da tobo ya cika amma kamshaf bai yi saurin da zai buga famfon da yawa ba. In ka haɗa kwamfuta ka taka totur za ka ga layi biyu, matsin da kwamfutar mota ta nema da matsin da ta samu. Muddin suna tafiya tare, lafiya. Ranar da na biyun ya sunkuya ƙasa ya bar na farkon, man da ke shiga silinda ya gaza ke nan a daidai lokacin da wuta ta fi zafi, wani lokaci har lambar P0087 ta fito. A wannan injin, famfon asali mai lafiya yakan riƙe E30. Daga E40 zuwa sama sai an canja cikinsa, E85 kuma sai an haɗa da na tanki. Ka tuna motarka ƙirar 2016 ce, famfonta ba sabo ba ne.

Wani zai ce, to in zuba kawai ba saiti? E10 ba matsala, don a Amurka kusan duk fetur E10 ne, da shi motar ta girma. In ka wuce haka, sensar salansa za ta ga man ya yi ƙaranci, kwamfuta ta riƙa ƙarawa da kanta, amma tana da iyaka, yawanci wajen kashi 25 cikin 100, daga nan ta kunna fitilar injin da lambar P0171. Kuma ƙarfin da za ka samu kaɗan ne, tun da ba a gaya mata ta yi amfani da okten ɗin ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: wannan duro da aka yi maka alkawari, me ke cikinsa? Etanol ɗin da ke yawo a ƙasar nan, na shigowa da wanda ake yi da rogo a yankin Volta, galibi na masu haɗa abin sha ne da magani da man tsaftace hannu, kuma mafi yawansa 96 ne cikin 100, sauran ruwa. Ba ha'inci ba ne, haka ɗabi'ar abin take: tatsa ta tururi ba ta iya wuce wajen kashi 96, domin daga nan ruwan da etanol tare suke tashi. Sai an bi da shi ta wani mataki na daban kafin a samu busasshe mai 99 da ɗoriya, wanda shi ake haɗawa da fetur. Dubi Brazil, wadda ta fi kowa daɗewa a wannan harka, tun shirin Proálcool na 1975 da Fiat 147 mai shan etanol zalla a 1979. A gidajen mansu akwai famfon etanol mai ɗan ruwa, na motocin da aka ƙera don shi, amma wanda suke zubawa cikin fetur, da ya kai kashi 27 tun 2015 kuma aka ɗaga zuwa 30 a 2025, busasshe ne.

Dalilin shi ne ruwa da fetur ba sa ga maciji, etanol ne ke riƙe su tare, kuma ƙarfin riƙonsa yana da iyaka. E10 ba ya ɗaukar ruwa fiye da wajen rabin kashi 1 cikin 100. In an wuce, sai ruwan ya janye etanol su kwanta a ƙasan tanki, fetur ya tsaya a sama an zare masa okten. Famfo kuwa daga ƙasa yake zuƙa. Tankinka lita 50 ne. In ka zuba lita 15 na mai 96, ka zuba ruwa fiye da rabin lita da hannunka. A E30 da ɗumin garin nan yana iya zama a haɗe, domin yawan etanol yana ƙara riƙo. Amma ka sha tankin ya yi ƙasa, ka ƙara fetur zalla a kai, haɗin ya sauko E10, sai ka tarar kana bakin iyaka, ɗan ruwan da ke tankin gidan mai ko laimar damina ya ishe shi ya rabe. Akpeteshie kuwa, barasar gargajiyar nan ta Ghana, kada ma a kawo maganarta, rabinta ruwa ne.

Wanda ya fi ruwa haɗari shi ne metanol. A kasuwa duk abin da ke da wannan ƙamshi "sifirit" ake ce masa, kuma metanol ya fi araha, don haka akan gauraya. Da ido ba ka bambance su, nauyinsu ma kusan ɗaya ne. Shi yana cin alminiyam da roba fiye da etanol nesa ba kusa ba, iska kilo 6.4 kawai yake so, wato zai ɓata duk lissafin saitinka, kuma guba ne, yana shiga ta fata da numfashi, yana makantarwa. Maganin wannan ɗaya ne: ka saya wurin dillalin sinadarai mai rajista, duro a rufe da hatiminsa, da takardar gwajin da ta nuna yawan ruwa da yawan metanol. Wanda ya zo maka da galan ɗin Kufuor, rawayar jarkar nan ta roba, babu takarda, ka yi masa godiya ya wuce.

Wasu a zango kan tambaye ni ko ba barasa ba ce wannan. Sinadarin dai shi ne wanda ke sa maye a cikin barasa, ba zan ɓoye maka ba. Wanda ake yi don mota ana gurɓata shi da fetur tun daga masana'anta don kada ya shawu. Hukuncinsa kuwa ka tambayi malaminka, shi ne mai wannan fanni.

Ko da takarda, sai ka auna da kanka, gani ya kori ji. A kan bencina akwai kwalbar awo doguwa mai zane har mililita 100, irin ta ɗakin gwajin makaranta. Nakan zuba ruwa zuwa zanen 50, in cika da man da na zuƙo daga motar zuwa 100, in toshe, in girgiza, in ajiye. Da farko zai yi fari kamar koko. Bayan minti biyar zuwa goma sai ka ga ya washe ya rabu biyu, fetur a sama da launinsa, ruwa a ƙasa, da layi siriri a tsakani. Etanol ya bar fetur ya koma cikin ruwan, don haka layin ya hau. In ya tsaya a 50, babu etanol. In ya kai wajen 65, mililita 15 ke nan cikin 50, wato E30, ko da yake yakan nuna ƙasa da gaskiya kaɗan domin ruwa da etanol in sun haɗu suna ɗan tsukewa. Fetur ɗin gidan mai ma ka auna shi haka kafin ka haɗa, kada ka ɗauka sifili ne. Shi kuma duron, ma'aunin nauyin ruwa ake tsoma masa, irin mai yawo a cikin kwalba: busasshen etanol 0.789 ne a digiri 20, mai 96 kuma wajen 0.81. A zafinmu na digiri 30 zai nuna maka ya fi yadda yake kyau, sai ka gyara da jadawalin da ke zuwa da ma'aunin.

Bari in ba ka labarin wata mota da aka jawo mini da igiya. Mai tobo ce ita ma, an sa mata fayil ɗin E50 daga waje, kuma a cikin gari tana tafiya kamar iska. Mai ita ya tashi zuwa Accra, ya cika tanki da haɗinsa, ya yi harkokinsa, a hanyar dawowa mai ya yi ƙasa wajen Nkawkaw. Ina zai ga etanol a nan? Ya cika da 91, ya hau hanya, ya fito zai wuce wata tirela ya taka totur har ƙasa. Ya ce ya ji ƙara sau ɗaya kamar an jefi bodi da dutse, sai hayaƙi. Da muka buɗe injin, fistin na uku gefensa ya ɓare tsakanin ringi na farko da na biyu, guntun ya kai girman ƙwayar gyaɗa, ya bi jikin silinda ya karce shi daga sama har ƙasa. Saman fistin ya yi tsaga-tsaga kamar an bi shi da bakin ƙusa. Na auna abin da ya rage a tankin da kwalbata, layin bai kai 55 ba. Kwamfutar tana ba da taimin na E50 a kan man da bai kai E10 ba. Yaron ya zauna a kan tsohuwar taya ya riƙe fistin ɗin a hannu ya kasa magana, ni ma abin ya taɓa ni, don kuɗin da ya tara shekara da shekaru ne.

Saboda irin wannan nake cewa, a ƙasar da ba a sayar da haɗin a famfo, sensar etanol wajibi ce. Ƙaramar aba ce da ake sakawa a layin mai, irin wadda Continental ke yi wa motocin GM. Tana aika sigina mai bugu 50 a daƙiƙa in babu etanol, 150 in etanol ne zalla, E30 kuma 80. In saitin na mai bin sensa ne, kwamfuta za ta riƙa matsar da yawan mai da taimin da matsin iska daidai da abin da ke wucewa a tiyo a wannan lokacin, ko ka sha mai a Nkawkaw ko a Kintampo. Ita ma tana da rauninta: ruwa yana ruɗa ta, ta nuna etanol ya fi yadda yake, shi ya sa ba ta maye gurbin kwalbar awo. In ba za ka iya sa ta ba, mafi ƙaranci ka samu na'ura irin Accessport ta Cobb mai riƙe fayil fiye da ɗaya, ka ajiye na fetur a ciki, kuma ka koma kansa kafin ka bar gidan man.

Aikin kansa ga yadda nake bin sa. Kafin a taɓa kwamfuta sai an tabbatar injin lafiya yake: a auna matsin kowace silinda, a matsa iska a bututun tobo a ga ko yana yoyo, a duba bawul ɗin shiga, don injin da ke fesa mai kai tsaye yana tara baƙin dauɗa a bayansu. A ciro fulogi a duba. Ka tuna ƙarshen 2023, lokacin da masu motocin tobo suka yi ta kukan fulogi na mutuwa da jan ƙura a bakinsu, har NPA, hukumar man fetur ta Ghana, ta yi bayani a kan sinadarin manganis da ke cikin fetur. Fulogin da ya sha wannan ba ya ɗaukar ƙarin matsi. A sa sababbi, masu sanyi da mataki ɗaya, a rage bakinsu daga wajen milimita 0.8 zuwa 0.6, don iskar da aka matse sosai tana hure tartsatsin in bakin ya yi faɗi. Daga nan a ɗauki bayanan motar a kan 95 zalla, ta zama ma'auni. Sai E20, a duba famfo. Sai E30. A kowane mataki mai ake fara daidaitawa, sannan taimin, matsin iska shi ne na ƙarshe. Kuma a yi lissafi da lamda, kada a yi da 14.7, domin lamda 1 tana nufin ƙonewa daidai ko wane irin mai ne. A cikakken totur ana neman wajen 0.80. Wurin yin wannan daino ne, na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta tana wuri ɗaya, ko da sai ka kai ta Accra. Jan giya ta uku har ƙarshe yana kai mota gudun da bai dace da hanyar Ejisu ko ta Offinso ba, inda mutane da babura ke tsallakawa.

Akwai wani tarko a taimin da ƙwararru ma ke faɗawa. A kan fetur, ƙwanƙwasa ce ke gaya maka ka tsaya. A kan etanol tana iya yin shiru, kana ƙara taimin sensa ba ta ce komai ba, alhali ka wuce inda ƙarfi ke ƙaruwa, matsin da ke kan fistin da sandarsa da metal ɗin ƙasa kawai kake tarawa. Daino ne ke nuna wannan: ka ƙara digiri ɗaya, in ƙarfin bai motsa ba, ka koma baya. Na fi son a rage ƙarfin murɗawa a ƙasan juyi 3,000, a bar shi ya hau a hankali, domin a nan ne sanda ke lanƙwashewa. In motarka mai kuloci ce, ka shirya kuɗin sabo, na asalin yakan fara zamewa da zarar an ƙara ƙarfi. In DSG ce, wato giyar otomatik ta VW, ita ma kwamfutarta tana son nata saitin don ta ƙara damƙa. Masu Civic da Accord da CR-V na lita 1.5 da ke karanta wannan, ku yawancinku giyar CVT gare ku, mai bel ɗin ƙarfe, ba a yi ta don irin wannan lodi ba. Ku tsaya a kan mai mai kyau.

Baƙin mai kuma ka rage masa kwana. Ana fesa mai da yawa, wani yana gangarawa ta gefen fistin, ga etanol na jan laima, ga gajerun tafiye-tafiye daga Aboabo zuwa Kejetia da ba sa barin injin ya yi zafin da zai ƙone su. Ni a kilomita 5,000 nake juyewa, da mai ɗauke da lambar VW 502 00. Etanol yana wanke tanki, duk dauɗar da ta kwanta shekaru zai taso da ita, saboda haka a duba matatar famfon tanki bayan tanki biyu ko uku na farko. Tiyo da robobin motar 2016 ba abin damuwa ba ne a E30. Wahalar tashi da safe da Turawa ke kuka da ita ba tamu ba ce, ko a tsakiyar hunturu sanyin Kumasi bai kai nan ba. Tamu ita ce laima: in za ka ajiye motar fiye da wata guda, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, ka shanye haɗin ka bar ta da fetur.

Duron nan kada ya kwana a cikin gida. Gidajenmu na zango a matse suke, ga kurfoti, ga yara. Wutar etanol shuɗiya ce mara hayaƙi, da rana tsaka ba a ganinta sai ta taɓa mutum, kuma kumfar kashe gobara ta gama-gari narkewa take yi a kansa. A ajiye shi a inuwa, a rufe ruf don kada ya sha laima, da tukunyar kashe wuta ta hoda a kusa.

Ta fuskar aljihu, lissafin mai sauƙi ne: sai litar etanol ta gaza kashi biyu cikin uku na kuɗin litar fetur kafin a ce ka yi riba, busasshen etanol na dillalan sinadarai kuwa da wuya ya sauko nan. Ƙarfi kake saya da sidinka, ka shiga da sanin haka.

Da motar tawa ce, zan fara da babbar intakula da fulogi da saiti mai sauƙi a kan 95, wanda aka rubuta da sanin cewa 95 ɗinmu shi ne 91 na Amurka. Wannan kaɗai zai canja maka motar fiye da yadda kake zato, kuma za ka iya shan mai ko'ina tsakanin Accra da Tamale. In bayan wata biyu har yanzu ranka na kan etanol, kuma ka samu dillali mai takarda, sai a sa sensa a hau E30. Kafin nan, ka karɓo rabin lita daga duron mutumin nan a kwalba mai murfi, ka zo da ita Magazin ranar Asabar da safe tare da motar, tanki ɗauke da 95. Za mu tsoma ma'auni a kwalbar, mu haɗa kwamfuta mu ga yadda famfonka yake riƙe matsi.